Ku taimaka min, bakin gashina ya koma kamar tsintsiya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni gashi gado na yi, kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, har ta rasu kitsonta a gadon baya yake sauka. Nawa ya wuce tsakiyar baya, kuma almakashi bai taɓa shiga kaina ba. Ko a makarantar kwana da aka ce kowace ɗaliba ta rage, sai da Babanmu ya je da kansa ya roƙa aka ƙyale ni. To tun shigowar hunturun nan bakin gashin ya bushe ƙayau, ya yi ja-ja, duk ya tsattsage. In na yi tsifa mataji cike yake da guntaye. Sama lafiya lau, ƙasan ne. Bikin ƙanwar maigida saura sati 3, kuma dangin miji da gashin nan suka san ni. Man zaitun na shafa har kwalba ta ƙare. Me zan yi? Banda yankewa don Allah.

Uwar tagwaye: Wa alaikissalam. Ki narka man kaɗanya ki haɗa da man kwakwa. Ke ma ki gode Allah kina da na shafa wa man. Ni wata 3 da haihuwa gaban kaina ya zube tas, har yau da ɗankwali nake kwana.

Anti mai salun: Ƙanwata, kin ce banda yankewa, amma gaskiya ɗaya ce. Gashin da ya tsage babu man da zai ɗinke shi, kuma tsagar sama take hawa. Gashi santimita 1 da ɗan ɗori yake ƙaruwa a wata. Yi lissafi, bakin naki ya haura shekara 3 yana shan mataji da sabulu, maiƙon fatar kai kuma ba ya isa can. Tsaya ma, kina sa rilaksa, man nan mai miƙar da gashi?

Mai tambaya: Ina sawa Anti, amma sau 3 kawai a shekara. Mai yi min tana shafawa har ƙasa don ya kwanta sosai.

Anti mai salun: Ga ɓarawon nan, shi ne ba ki faɗa ba! Sabon tsiro kaɗai ake sa wa rilaksa. Wanda ya riga ya sha, in aka ƙara masa cinye shi ake yi. Man zaitun ɗin ma a busasshen gashi kika zuba, shi ya sa. Ki fesa ruwa ya ɗan jiƙa tukuna, sannan mai ya biyo baya ya riƙe damshin. A datse faɗin yatsa 2 ko 3, a yi kalaba manya, a cusa bakin ciki, ki riƙa kwana da hular siliki, don auduga tsotse mai take.

'Yar Maiduguri: Kar ki yanke. Ki nemi garin chebe na matan Chadi, a kwaɓa da man karkar, a shafa a jikin gashi banda fatar kai, a kitse. Ai kin ga nasu har ƙugu.

Anti mai salun: Chebe karyewa yake ragewa, ba ya haɗa abin da ya tsage. Su kuma ba rilaksa suke yi ba.

Amaryar bana: Ni dai ban ƙara yarda da "ɗan kaɗan za a datse". Ana jibi ɗaurin aurena wata ta ce haka, na ɗago na ga rabin gashina a ƙasa. Wallahi hassada ce, har yau ba ma gaisawa.

Mai tambaya: Kin ji ko? Abin da nake tsoro ke nan. Kuma Anti ban jin rilaksa ce, shekara 6 ina yi ban ga haka ba sai bana. Ina zargin ruwan burtsatsen sabon gidanmu, ko sabulu ba ya kumfa da shi.

Uwar tagwaye: Kakarku da me take gyara nata? Man shanu ne, ki koma masa.

Anti mai salun: Kakarta ba ta san rilaksa ba. Shekara 6 ɗin ce ta taru ta fito yanzu. In kin bar shi, shi zai yanke kansa, kuma ba inda kike so ba.

Mai tambaya: Na gode Anti, zan duba bayan biki. 'Yar Maiduguri, chebe ɗin ana samu a Kano? Kuma in na fara yau zai nuna kafin sati 3?