Tsohuwar HiAce tana ɗaukar zafi, sitiyari kuma ya yi tauri

Mai tambaya: Salamu alaikum. Tsohuwar HiAce ce mai shan fetur. A go-sulo allurar zafi tana hawa, a babban titi ta sauko. Sitiyari kuma yana kuka in an murɗa shi. Ta ina za a fara?

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malam. Zafin da ke sauka in mota ta ɗau gudu matsalar iska ce, fara da fanka. In inji ya yi zafi, kashe shi ka juya fankar da hannu. In ta juya sakayau ba turjiya, kulocinta ya mutu. Wanke haƙarƙarin lagireto, ka duba murfinsa, mai ɗaukar matsi na bar 0.9 ake sa mata. Kada ka buɗe shi da zafi. Kuma kada a cire maka tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi) gaba ɗaya, sai dai a ciro shi a jefa a ruwan zafi a gwada, wajen digiri 82 yake buɗewa.

Mai gyaran sitiyari: Kukan nan ko fanbel ya saki, ko famfon sitiyari yana jan iska. Danna bel da yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita 1. Man giyar atomatik, wato ATF Dexron, ake zuba wa sitiyari, ba man birki ba, wanda ke cinye robobi. In man yana kumfa, ɗaure kilif ɗin tiyo, ɗaga gaban motar da jak, murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau 15 inji a kashe.

Bakanike: In lagireto yana tasowa da kumfa tun inji da sanyi, gaskit ɗin kan inji ya ƙone, a daina tuƙa ta.