Kwaɗina na ruwa suna ta hawa sama shaƙar iska, lafiya kuwa?

Abban Nana, Bauchi:

Assalamu alaikum. Ina da ƙananan kwaɗin ruwa guda uku a tankin gilashi mai cin lita 60, zurfin ruwan santimita 45. Tun da zafin Afrilu ya kankama sai su yi ta harbawa sama kamar an tsikare su, su leƙo da hanci, su sake nutsewa. Ɗaya kuma yakan baje ƙafafu a saman ruwa ya yi shiru kamar matacce. Iska ce ta yi musu kaɗan? In ƙara musu famfon iska? Ruwan famfo nake zuba musu.

Malam Mai Kifi:

Wa alaikumus salam. Hawa saman nan ba ciwo ba ne, halittarsu ce. Kwaɗon ruwa ba kifi ba ne, da huhu yake numfashi, dole ya leƙo ya zuƙi iska. Fatarsa tana ɗan jan iska daga ruwan, amma ba ta isarsa. Saurin da ka gani kuwa tsoro ne, don a daji saman ruwa nan tsuntsu ke ɗaukarsu. Bajewar ma hutu ce. Taɓa ruwan kusa da shi, in ya zabura ya yi ƙasa, lafiyarsa lau.

Abin da ya dame ni zurfin nan ne. Ƙaramin kwaɗo ba gwanin iyo ba ne, santimita 45 tafiya ce mai nisa gare shi, ga shi yana yin ta ba adadi a rana. Rage ruwan zuwa santimita 30, ko ƙasa da haka. Sa ganye mai faɗi ko reshe da ya kusa taɓo saman ruwa, ya samu wurin ɗora ƙafa. Murfi dole ne, domin suna tsallakewa, kuma in ya faɗo ƙasa a wannan zafin fatarsa ba ta daɗewa take bushewa. Sai dai murfin ya zama na raga, a bar tazarar yatsu uku tsakaninsa da ruwa. In ruwa ya taɓo murfi, kwaɗo yana iya mutuwa da rashin iska a cikin tankinsa.

Duba hannayensu na gaba, don ka san wane iri ne kake da su. In akwai fata tsakanin yatsun, irin ƙananan ne da ba sa girma sosai, waɗanda asalinsu dazuzzukan Kamaru da Kwango ne. In yatsun a rarrabe suke, idanu a saman kai, to babban irin ne da ake kira mai farce, shi yana kai santimita 12 kuma zai haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa.

Abban Nana:

Na duba, Malam, akwai fata a yatsun. Ma'aunin zafi ya nuna 31 da la'asar.

Maman Fadila, Yalwa:

To ɗan'uwa, ga matsalarka nan. Waɗannan tsakanin digiri 24 da 27 suke jin daɗi. Ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take yi, jikin kwaɗon kuma ya ƙara buƙatarta, shi ya sa zirga-zirgar ta ƙaru. Janye tankin daga taga, ka kai shi ɗakin da rana ba ta dukansa. Ƙaramar fanka da ke kaɗa saman ruwa takan rage digiri biyu zuwa uku. Kada ka jefa ƙanƙara ciki, sauyin zafi farat ɗaya ya fi zafin kansa illa.

Famfon iska mai ƙarfi ba zai taimaka ba, wahalar da su zai yi, don motsin ruwa kaɗan ma suna jin sa a fatarsu. Filta mai soso, wato na'urar tace ruwa, ta isa. In taka mai zuƙar ruwa ce, rufe bakinta da soso: ƙafar kwaɗo in ta maƙale a wurin ba zai iya hawa ba, sai a wayi gari a gan shi a mace.

Ruwan famfo kuma an sa masa kulorin, wanda ke ƙona musu fata. Ko ka ɗiga maganin cire kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa, ko ka tara shi a bokiti a buɗe ya kwana biyu. Canza kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, ba duka ba. Abinci bayan kwana bibbiyu, abin da za su cinye cikin minti goma, ka kwashe saura kafin ya ruɓe.

Malam Mai Kifi:

Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ƙarin da zan yi, wanda mutane ba su cika lura da shi ba: maganin sauro. Tunda iskar ɗakin suke zuƙa, fesa filit ko kunna na hayaƙi kusa da tankin yana iya kashe su a dare guda. Haka hannun da ke da sabulu ko man shafawa, kada ya shiga ruwan. Bayan ka taɓa tankin ma ka wanke hannu sosai, kwaɗi suna iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, a kula da yara musamman.

Lokacin da za ka damu shi ne in kwaɗo ya wuni a sama yana ƙoƙarin fita, ko ya kumbura ya kasa nutsewa, ko cinyoyinsa suka yi ja, ko ya daina ci. Nan sai ka ware shi a ruwa mai tsafta wanda bai wuce santimita 10 ba, ka gwada amoniya, gubar da kashinsu da ruɓaɓɓen abinci ke tarawa a ruwa, a babban tankin, ya kamata ta nuna sifili.