“Zumunta a ƙafa take”: ko da ana ruwa?

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar ɗin ƙarshen watan Agusta na yi niyyar yin cefane a Yankaba, in karɓo ɗinki a Fagge, sannan in biya Gwammaja in duba gwaggona da ba ta jin daɗi. Ban samu fita ba sai bayan ƙarfe 10 saboda tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, ina gama cefane kuma hadari ya haɗo, aka kece da ruwa har bayan la'asar, masu adaidaita sahu suka ƙi shiga lungunan da ruwa ya kwanta. Sai na koma gida na kira ta a waya. Bayan mun gaisa ta ce, “Ɗan nan, zumunta a ƙafa take.” Maganar ta tsaya mini a rai. Shin karin maganar ya hau kaina, alhali ruwa ne ya tare ni?

Wani malami, daga Zariya:
Wa alaikumus salam. A ganina bai hau kanka ba. Ko sallar jam'i an yi mata rangwame saboda ruwa, domin ya tabbata cewa a daren sanyi da ruwan sama ana umartar ladan ya ce a yi salla a gida, kuma a mazhabar Malikiyya ana haɗa Magariba da Isha'i a masallaci saboda ruwa. Idan aka sassauta wannan, ziyarar da za a iya ɗagawa zuwa gobe ta fi cancantar sassauci. An yi karin maganar ne domin mai saƙon gaisuwa shekara da shekaru ba tare da ya taka ba.

Wata uwa, daga Katsina:
Allah ya gafarta Malam, ban musa hukuncin ba, amma ina ganin an tsallake wani wuri. Ruwan bai hana shi zuwa Yankaba ba, tunda cefanen aka fara yi aka bar gwaggo a ƙarshe, kuma duk wanda ya san marka ya san ba a amince wa sararin sama a watan Agusta. Abin da tsohuwar ta ji ke nan. “Ƙafa” a nan ba sawu kaɗai ake nufi ba, ana nufin wahalar da mutum ya ɗauka saboda kai: jiƙewar riga, taɓo a takalmi, kuɗin mota da aka ninka. Ni kaina, surukata da ta taɓa shigo mini a jiƙe da kwanon ɗanwake lokacin da nake jego, har yau ina ganin girmanta.

Malamin, ya sake cewa:
Hajiya, na karɓi batun abin da ya kamata a fara da shi, mara lafiya ya fi tattasai gaggawa. Sai dai ina tsoron yadda wasu dattawa ke mayar da wannan karin magana bulala, har matashi ya riƙa zuwa don gudun gori, fuska a murtuke, alhali Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ina ganin baƙon ma ana son ya shigo da fuska a sake.

Mai tambaya:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Gaskiya ne, da a ce da Gwammaja na fara, da na isa kafin hadarin ya haɗo. Washegari Lahadi na je da sassafe, ana yayyafi, na tarar ɗigar ɗakinta ta jiƙa gefen katifa, abin da ba ta faɗa mini a waya ba. Mun samo kafinta ya sauya kwano biyu kafin azahar.