Me za mu kira cron da Hausa?

Salam 'yan uwa masu harkar saba (server, kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima). Ina so mu tsayar da magana ɗaya kan cron, wato manhajar da ke tayar da umarni da kanta a lokacin da aka tsara mata, don duk mai koyar da Linux da Hausa in ya iso nan sai ka ji ya fara kame-kame.

Aikinsa dai kun sani, a crontab, wato fayil ɗin jadawalinsa, layi ɗaya za ka rubuta mai gurbi biyar: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako, sannan umarnin. Ka sa 0 2 * * * da umarnin kwafi, shi kenan kullum ƙarfe biyun dare zai kwafi bayananka ya adana kana barci. Duk minti yake leƙawa ya ga ko akwai abin da lokacinsa ya yi. Tun Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, na shekarun 1970 yake, wanda ya fi yaɗuwa a Linux kuma tushensa wanda wani mai rubuta manhaja, Paul Vixie, ya rubuta ne a 1987.

Wasu sun ce "aikin kullum". Gaskiya bai yi ba, akwai na duk minti biyar, akwai na Lahadi kaɗai, akwai na ɗaya ga wata. "Aiki mai maimaita kansa" kuma ya yi tsawo, wa zai tsaya faɗin wannan a waya ana sauri, kuma ma ba shi ke maimaita kansa ba ai, lokaci ne ke tashinsa.

Ni dai "aikin agogo" na zaɓa, crontab ɗin kuma "jadawalin agogo". Dama can agogo sarkin aiki ake masa kirari. Wani ya ce za a ɗauka gyaran agogo ake nufi, a'a, wancan gyara muke ce masa.

Abin da ya fi ja na shi ne sunan zai sa ɗalibi ya tambaya, agogon wa? Na sabar ne fa, ba na hannunka ba, kuma yawancin sabobin da muke haya a waje a kan UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, suke zuwa, mu a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya, biyun da ka rubuta sai ƙarfe uku namu za ta tashi. Haka in an ɗauke wuta sabar na kashe a daidai lokacin, aikin ya wuce kenan sai zagaye na gaba, shi ya sa aka yi anacron mai rama abin da aka rasa.

Sunan zai hau kan Task Scheduler, takwaran cron a Windows, ma. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku da me kuke kiransa a wajen aiki?