Edmonton da matsalar gola: kuɗi za a zuba ko koci za a canza?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Na san mu 'yan tsiraru ne masu bin hokin ƙanƙara a garin nan, amma abin nan ya tsaya mini a rai tun watan Yunin 2025, gara in fitar da shi ko na samu mai ba ni amsa.

Ni Edmonton Oilers nake goyon baya. Yayana da ke karatu a Kanada ne ya aiko mini da rigarsu mai lamba 97, ta Connor McDavid, daga nan na fara leƙa wasan a waya har ya shiga jinina. Wasannin ƙarshe na Kofin Stanley, wato kofin NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ƙarfe 1 na dare ake fara su a agogonmu. Sai in rufe shagon gyaran waya da wuri, in tabbatar fawa-banki ya cika saboda wuta ba ta da tabbas, in kwanta bayan isha'i, in tashi tsakar dare. Ran da aka yi ƙarin lokaci kuwa, ana gamawa sai alwala kawai.

Shekara biyu a jere muna zuwa wasan ƙarshe, shekara biyu Florida Panthers na ɗauke kofin a gabanmu. Wanda ya fara cin wasa huɗu ne ke ɗaukar kofin. A 2024 sun ci mu wasa uku, muka rama uku, a na bakwai suka ci 2-1. Wannan na haƙura, don an gwabza. Na 2025 ne ya fi ci mini rai. A wasa na uku aka cire golanmu Stuart Skinner, aka ci mu 6-1. A na huɗu aka zura masa uku tun zangon farko, aka sa ɗaya golan, Calvin Pickard, muka farfaɗo muka ci 5-4. A na biyar Pickard ya fara, aka ci mu 5-2. A na shida aka dawo da Skinner, aka ci mu 5-1. Kulob yana neman kofin da rabonsa da shi tun 1990, amma ana gobe wasa ba a san wanda zai tsaya a raga ba. Can ɓangaren Florida kuwa Sergei Bobrovsky ne kullum a raga, babu tambaya.

A 2025 ɗin Bobrovsky dala miliyan 10 yake karɓa a shekara, Skinner miliyan 2.6. Ni a ganina amsar ke nan, araha ba ta ado. To amma maimakon a sayo babban gola, sai na ji an rabu da kocin gololi Dustin Schwartz, wanda yake wurin tun 2014, an kawo Peter Aubry. Tambayata ga waɗanda suka fi ni sani: canza koci zai iya gyara gola? Ko dai rufa-rufa ce don kada a kashe kuɗi?

Akanta na Kongo:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka ce a zuba kuɗi, tambayi inda za a samo su. NHL ba kamar ƙwallon Turai ba ce da attajiri zai sayi kulob ya buɗe bakin aljihu. Tun 2005 akwai iyakar albashi da kowane kulob ba ya wucewa. An fara da dala miliyan 39, a kakar 2025-26 ta kai miliyan 95.5, kuma a cikinta za ka biya 'yan wasa har 23. Yanzu lissafa naku na wannan kakar ta 2025-26: Leon Draisaitl miliyan 14, McDavid 12.5, Evan Bouchard 10.5, Darnell Nurse 9.25. Mutum huɗu sun cinye miliyan 46.25, kusan rabin tukunyar. In ka ɗora golan miliyan 10 a kai, da me za ka biya sauran?

Sannan ka manta kun taɓa gwadawa. A 2022 Edmonton ta ba gola Jack Campbell kwantiragin shekara 5 a kan dala miliyan 25 bayan ya yi kaka mai kyau a Toronto. Kafin ƙarshen 2023 an tura shi ƙaramar gasa, a Yunin 2024 aka biya shi aka sallame shi. Dokar sallamar kuwa ita ce a ba shi kashi biyu bisa uku na abin da ya rage, a baza shi a ninkin shekarun da suka rage, wato shekara 6 kuna ɗauke da nauyin mutumin da ba ya buga muku wasa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Ba ku kaɗai ba ne. New York Islanders ta ba Rick DiPietro shekara 15 a kan miliyan 67.5 a 2006, rauni ya hana shi sakat, aka sallame shi a 2013, kuma suna biyansa miliyan 1.5 duk shekara har 2029. Philadelphia ta ba Ilya Bryzgalov shekara 9 a kan miliyan 51 a 2011, bayan shekara biyu aka rabu. A gefe guda, Vegas ta ɗauki kofin 2023 da Adin Hill, wanda ta karɓo daga San Jose da gurbi ɗaya kacal na zagaye na huɗu a zaɓen sababbin 'yan wasa da kulob-kulob ke yi duk shekara. St. Louis ma da Jordan Binnington ta ci na 2019, yaron da ya fara kakar a ƙaramar gasa. In kai mai kallon Firimiya ne, tuna Kepa da Chelsea ta saya sama da fam miliyan 70, amma Mendy ne ya tsare raga ran da suka ci Kofin Zakarun Turai a 2021.

Tsohon Gola:

Ɗana Ɗan Samaru, Allah ya yi maka albarka da ka kawo wannan magana. Ni ban taɓa taka ƙanƙara ba, ƙwallon ƙafa na tsare raga shekaru da dama, yanzu kuma ina koya wa yara gola da yamma a wani fili a Tudun Wada. Jikana ne ya fara nuna mini hoki, ni kuma idona bai tsaya a kan masu zura ƙwallo ba, a kan mutumin ragar ya tsaya. Malam Akanta ya yi maganar kuɗi, kuma ya yi gaskiya. Ni bari in yi maganar aikin.

Ragar hoki ƙafa 6 ce a faɗi, ƙafa 4 a tsayi. Abin da ake bugawa ɗan faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 170, kuma mai ƙarfin hannu kan harba shi fiye da kilomita 160 a sa'a. A irin wannan gudu, gola ba ya jira ya gani sannan ya yi tsalle. Wurin da ya tsaya kafin a harba shi ne ke kare shi. Taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya, lokacin da zai durƙusa, yadda zai jingina da turken raga in an zagayo ta baya, yadda zai leƙa ta gefen ƙattin da suka tare masa gani. Duk waɗannan koyarwa ake yi, kuma gola ba ya ganin kuskurensa da kansa. Sai wani da ke zaune da bidiyo ya ce masa, jiya ka riga faifan durƙusawa da ƙiftawar ido, shi ya sa aka ɗaga maka ta saman kafaɗa.

Ina da yaro a filinmu, hannunsa kamar danƙo, amma duk bugun kwana sai an ci shi. Wata uku ana ce masa matsoraci. Da na tsaya a bayan raga na lura, ashe ƙafarsa ta hagu yake sa wa nauyi kafin a bugo, shi ya sa yake makara. Sati biyu muka yi a kan ƙafar nan kawai, abin ya wuce. Ba sabon hannu na ba shi ba.

Haka abin yake a can. Salon da kusan kowane gola ke yi yanzu, na durƙusawa a gwiwa a baza ƙafafu a toshe ƙasan raga, wanda suke kira da sunan malam-buɗe-littafi saboda kamar fukafukansa, kocin gololi François Allaire ne ya gyara shi tare da gola Patrick Roy a Montreal. Roy yana shekara 20 ya ci kofin 1986. Allaire ya koma Anaheim, ya yi aiki da Jean-Sébastien Giguère, wanda aka ba kyautar gwarzon wasannin kofi a 2003 duk da kulob ɗinsa ne aka doke. Ɗan'uwansa Benoit Allaire kuwa, a New York Rangers, ya karɓi Henrik Lundqvist da aka zaɓa na 205 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar 2000, ya sa shi ya riƙa tsayawa can ciki kusa da layin raga maimakon fitowa, ya zama gwanin gwanaye. A hannunsa Igor Shesterkin ya ci kyautar Vezina ta gola mafi ƙwazo a 2022. Mitch Korn ma haka: Dominik Hasek a Buffalo, Pekka Rinne a Nashville, Braden Holtby a Washington. In mutum ɗaya duk inda ya je golansa ya yi fice, ba sa'a ba ce.

Yanzu dawo kan Bobrovsky da kake sha'awa. Ya zo Florida a 2019 da Vezina biyu a hannu, kwantiragin shekara 7, dala miliyan 70. Kakarsa ta farko kashi 90 cikin ɗari kawai ya tare, ana ta cewa an yi asara. Kada ka raina kashi ɗaya: in ana harba maka 30 a wasa, ka buga wasa 60, harbi 1,800 ke nan, bambancin kashi 90 da 91 ƙwallo 18 ne. A ƙarshen 2020 Florida ta kafa sashe guda na kula da gololi, ta sa tsohon golanta Roberto Luongo a kai, ta kawo shi François Allaire ɗin. Ko a 2023, Alex Lyon ne ya fara wasannin kofi, Bobrovsky na benci, kafin ya karɓa ya kai su wasan ƙarshe. Shekara huɗu suka yi haƙuri da shi. Kai kofin ka gani, ba ka ga haƙurin ba.

Skinner kuma, kada ka manta a wasannin kofin 2025 ɗin nan sau uku ya hana a zura masa ko ɗaya, biyu a jere da Vegas, ɗaya da Dallas. Wanda bai iya ba ba ya yin haka. Matsalarsa ita ce ranar da ya lalace yana lalacewa da yawa, kuma tafiyarsa daga turke zuwa turke in aka yi saurin miƙa faifan tana ba shi wuya. Wannan aikin koci ne. Ban ce Schwartz bai iya ba, amma shekara da shekaru kunne ɗaya yana jin murya ɗaya, wani lokaci sabon ido kan ga abin da tsoho ya saba da shi.

Maman Ummi:

Baba Tsohon Gola, Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru sosai. Amma akwai abin da koci ba ya gyarawa, wato jiki. Ni aikin jinya nake, a dutin dare nake samun leƙa wasa in marasa lafiya sun yi barci, kuma Montreal nake so saboda tsohon golansu Carey Price. Durƙuson nan da kuka bayyana yana cin ƙugu da gwiwa, gola yana yin sa sau da yawa a kowane atisaye, ga kaka mai wasa fiye da 80. An ba Price shekara 8 a kan miliyan 84 a 2017, kuma ya cancanta, ya kai mu wasan ƙarshe a 2021. Bayan nan wasa biyar kawai ya sake bugawa, gwiwa ta ƙi. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Shi ya sa da na ga Rangers ta ba Shesterkin miliyan 92 na shekara 8 a Disambar 2024, ba kuɗin ne ya tsorata ni ba, tsawon shekarun ne. In da ni ce mai sa hannu, in ba gola kuɗi mai kauri na shekara uku ko huɗu, in kuma samo masa mataimaki na kirki da zai rage masa wasanni.

Ɗan Sabon Gari:

Ni dai abin da zan ƙara, don wasu na yi mana dariya wai me ya haɗa Bazazzagi da ƙanƙara: Rumun Ndur, ɗan wasan NHL na farko da aka haifa a Najeriya, a nan Zariya aka haife shi a 1975. Buffalo ce ta zaɓe shi a 1994, mai tsaron baya ne, kuma a zamanin Hasek ya fara bugawa a can.

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai. Malam Akanta, lissafin mutum huɗun nan ban taɓa haɗa shi ba, na yarda babu wurin golan miliyan 10. Baba, maganar ƙafar hagun yaronka ta shige ni, don a shago ma wayar da ake cewa ta mutu sau da yawa ɗan siririn layi ɗaya ne ya katse. Amma har yanzu akwai abin da ke damuna. Florida ta samu shekara huɗu ta yi haƙuri, mu kuwa McDavid yana ganiyarsa yanzu ne, ba zai dawwama a haka ba. Kwantiragin da aka ba Skinner zuwa 2026 ne. In ku ne, wasa nawa za ku ba sabon kocin a kakar 2025-26 kafin ku yanke hukunci a kan Skinner?

Tsohon Gola:

Ɗana, ni wasa 25 zan ba su, wato zuwa Disambar 2025. Kuma ba yawan ƙwallayen da aka ci shi zan fara dubawa ba. Zan duba wasan da ya biyo bayan ranar da ya lalace, ko ya dawo daidai ko ya ja abin zuwa sati. Zan kuma duba ko yana isa ɗaya turken a tsaye da ƙafafunsa, ko a kwance yana lalube. In waɗannan biyun sun gyaru, a ba shi shekara uku kamar yadda Maman Ummi ta ce. In ba su gyaru ba, a nemi wani tun kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa a watan Maris na 2026. Ran Asabar bayan la'asar muna fili, ka zo da wayarka mu kalli wasa na huɗun nan tare, in nuna maka abin da nake nufi a ƙwallaye ukun farko.