Kafe da goro kafin nutso da tulun iska: in bari ko in rage?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum. Wata mai zuwa zan tafi Kwatano koyon nutso da tulun iska, matakin farko, zurfin mita 18 zuwa 20. Kullum ina shan Nescafé 2 da safe, shayi kofi 3 bayan azahar, ga goro. In bari gaba ɗaya ko in rage? Kuma nawa ne gwajin zuciya a nan Damagaram?

Malamin asibiti: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka yanke rana ɗaya. Wanda jikinsa ya saba, awa 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe ciwon kai da kasala suke kama shi. Su ne kuma cikin alamun ciwon kumfar jini da ke samun mai nutso in ya yi saurin tasowa, sai a kasa gane wanne ne. Ka rage a hankali cikin sati 2. Ranar nutso kofi ɗaya ya isa, miligiram 60 zuwa 100 ke nan, ka bi shi da ruwa rabin lita. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kafe mai hana barci, yana kai ƙarfinsa cikin minti 30 zuwa 60, kuma bayan awa 5 rabinsa na nan a jini. Goro da shayi duk su shiga lissafi. Gwajin zuciya jaka 5 ne.

Na Garin Malam: Jaka 5 a ina? Jaka 10 ne, ban da kuɗin ganin likita.

Basunce: Masunta a tafkin Gidimuni suna shan shayi mai ɗaci su faɗa ruwa, ba abin da ke samunsu. Wanda bai taɓa jiƙa wando ba ya bar mana maganar ruwa.

Mai tulu: Baba, da girmanka, nutson riƙe numfashi daban ne. Mai tulu yana shaƙar iska mai matsi. Kowace mita 10 tana ƙara bar 1 (ma'aunin matsi ke nan) a kan bar 1 na saman ruwa, a mita 20 iskar da kake ci ta ninka sau 3. Tulu mai lita 12 a bar 200 iska lita 2400 ce, cire bar 50 na ajiya, saura 1800. Mai jan lita 20 a minti a sama, ƙasa 60 yake ja: minti 30. In kafe ya sa zuciya bugawa, hannu na rawa, jan iskarsa ya koma lita 25 a sama, minti 24 ya rage masa. Sannan ruwa da kansa yana tura jini zuwa ƙirji, ƙoda ta yi ta sakin fitsari ko ba ka sha komai ba. Ƙara kafe mai yawa a kai, ga zafin bakin teku, jiki ya bushe, kuma ana lissafa bushewar jiki cikin abin da ke ƙara haɗarin kumfar. Ga ƙwarnafi in ka sunkuyar da kai da bututun shaƙar iska a baki.

Ɗan Birni: Mu da ruwan famfo sai mun kwana a layi da jarka, kai teku guda za ka shiga! Ka taho mana da tsaraba ko tulu ɗaya.

Inna ta Sabon Gari: Ku kuna lissafin kofi, ba ku faɗi abin da ake zubawa a ciki ba. Wani yaro mai yasar rijiya a unguwarmu, kafe ya sha wajen mai shayi da tramol a ciki, wai don ƙarfi. Yana ƙasan rijiya jijjiga ta kama shi, ruwan ko ƙirji bai kai ba. Kafin a jawo igiya rai ya yi halinsa. Uwarsa har yau ba ta dawo daidai ba, mai shayin kuwa yana nan yana kaɗa kofinsa.

Malamin asibiti: Allah ya jiƙansa. Gaskiya ne Inna, tramol yana tayar da jijjiga, kuma a ƙarƙashin ruwa bututun zai suɓuce daga baki. Ɗana, a tashar mota ka sa a yaga takardar Nescafé ɗin a gabanka.

Na Garin Malam: Ɗazu ƙanenka ne, yanzu ɗanka. Kuma har yanzu jaka 10 ne.

Inna ta Sabon Gari: Ku bar kuɗin nan. Damina na zuwa, tafkunan cikin gari za su cika, yara su faɗa, mutane su tsaya bakin ruwa da gora da igiya har gari ya waye. Cikin waɗanda suka koyo nutson, wa ya dawo gida da tulunsa?

Mai tulu: Tulu ba ya aiki sai da injin cika shi, Inna, mai matatar da ke hana hayaƙi shiga. Na faci ba ya yi, ko kusa da bar 200 ba ya kaiwa.

Basunce: To wa zai saya?