Shawarwari kan kasafin wata ga ma'aikaci marar iyali a Kano

A tattaunawar da wasu ma'aikata marasa aure suka yi game da yadda albashi ke ƙarewa tun kafin tsakiyar wata, an fi daɗewa a kan kuɗin haya. Tun da yake masu gidaje na karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya, shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce mutum ya raba kuɗin gida goma sha biyu, ya riƙa ware kaso ɗaya ranar da albashi ya shigo, ko ya zuba shi a adashen da kwasarsa za ta zo daidai da lokacin biya.

A kan abinci, mafi yawansu sun ce cin abinci a waje kullum shi ne ke cinye albashi ba tare da an ankara ba, don haka gara a sayi shinkafa, wake da man gyaɗa na wata guda a kasuwa a riƙa girki. Wannan gaskiya ne, sai dai mai fita tun da asuba ba kullum yake samun lokacin hura wuta ba.

Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin A Daidaita Sahu ya zama abin lissafi, musamman ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, shi ya sa wasu suka fifita ɗaki kusa da wurin aiki ko da ya fi tsada. An kuma ce a ƙayyade abin da ake tura wa iyaye da gudummawar biki tun farkon wata, tare da kuɗin data da na wuta.